Filin da na saya da kuɗin adashe

Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, amma a Jega aka haife ni, can kuma aka ɗaura mini aure a 2016. Labarin fuskata daga makon bikin nan ya faro, ko da yake sai da na shekara bakwai kafin in gane haka.

Kamar kowace amarya, an ɗauko mini mai gyaran jiki. Kwana goma sha huɗu tana zuwa gidanmu, ta murje ni da dilka, ta yi mini halawa, ta shafe ni da kurkum, ta zaunar da ni kan turaren tsuguno har in ji kamar kifin banda. Duk wannan ban ga laifinsa ba har gobe. Abin da ya zame mini ƙarfen ƙafa wata 'yar roba ce marar suna da ta ajiye mini, ta ce haɗinta ne na musamman, in riƙa shafawa safe da dare. Ni ba fara ba ce, ko wankan tarwaɗa ban kai ba. Kafin ranar kamu sai ga fuskata ta washe, ƙurajen da nake fama da su tun ina sakandare sun kwanta luf. Dangin ango sai faɗi suke yi amarya ta sha gyara. Inna kaɗai ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ɗiyag ga, wanga haske ba naki ba na." Na yi dariya na ce kurkum ne.

Da robar ta ƙare na aika Jega aka sayo wata, da ita ma ta ƙare aka sake sayowa. Ba son fari kaɗai ya riƙe ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya kuma kada in ɗora wa kaina abin da ban yi ba. Duk ranar da na ce na daina, kwana uku ba ya cika sai fuskar ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje su feso kamar an watsa gero. Ina komawa shafa sai su lafa. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa fatata ce mai ciwo, man kuma shi ne magani. Har wani ɗan bututu na riƙa sayowa a kemis ina matsawa a ciki, wai don ya ƙara ƙarfi. A hankali jijiyoyi kore-kore suka fito mini a gefen ido, wani siririn gashi ya tsiro a kumatu, nankarwa ta tsaga mini damtse alhali ban yi ƙiba ba. In na tsaya a filin asambile rana ta taɓa ni, ji nake kamar an goga mini barkono. Wanda ya san ranar Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi.

A 2021 na haifi ɗana na biyu, bayan arba'in kuma na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa. Wani baƙi ya shimfiɗu mini a kumatu biyun, dama da hagu daidai wa daida kamar an auna, ya ɗan hau goshi, ya taɓa saman leɓe. Matan unguwa suka ce na goyo ne, da an yaye zai tafi. Aka yaye yaro, baƙi yana nan daram. Wata rana ina duba littattafan 'yan aji uku, wata yarinya ta matso kusa da ni cikin ladabi ta ce, "Malama, baƙin tukunya ya shafe ki a nan." Taimakona take son yi. Na ce mata na gode, na fita bayan aji na yi kukana.

Ƙarshen 2022 na kwashi adashe, naira dubu tamanin. Wata abokiyar aikina ta nuna mini wani shagon gyaran fuska a Instagram, a wani gari da ba zan ambata ba. Na ce wa maigidana dubiya za mu je. Wurin ya burge ni, gaskiya: sanyin na'ura, ƙamshi, 'yan mata sanye da fararen riguna da safar hannu kamar asibiti. Aka miƙo mini takarda mai jerin ayyuka da farashinsu, duk da Turanci. Akwai surace da matse ƙuraje. Akwai gurzar fata da wata na'ura mai baki kamar biro. Akwai na ƙananan allurai, akwai lesa. Yarinyar da ta karɓe ni ta leƙa fuskata ta ce, "Anti, filin za ki yi." Na ce ni da na zo gyaran fuska, me ya haɗa ni da fili? Suka kwashe da dariya. Ashe Turanci ne, ruwan asid ne da ake shafa wa fata ta yi saɓa kamar maciji, sabuwa ta fito. Kuɗinsa dai ya kusa a kira shi fili.

Tambaya ɗaya na yi: wanne ya fi sauri? Su kuma ko ɗaya ba su yi mini ba. Ba a tambaye ni abin da nake shafawa ba, ba a tambaye ni ko ina da ciki ba, ba a tambaye ni tun yaushe baƙin ya fito ba. Na dubi hotunan da ke bango, na fuska kafin aiki da bayan aiki, na dubi kuɗin da ke jakata, na zaɓa. Yarinyar ma ta ce za ta yi mini gyara irin na kasuwa, ta fara gurza mini fatar da na'ura kyauta kafin asid ɗin, don ya fi shiga.

Ya kuwa shiga. Ina kwance hawaye na gangara cikin kunnena, tana fifita ni da kwali tana cewa, "Anti daure, zafin nan shi ne alamar yana aiki." Kwana uku bayan na dawo gida fatar ta fara ɗayewa falle-falle, ƙarƙashinta ɗanye yana tsattsafo da ruwa, ga hunturu ya kankama, iska na yanka ni kamar reza. Da ta warke bayan mako biyu sai ta warke baƙi ƙirin, ya ninka na da, har da layi miƙaƙƙe a gefen muƙamuƙi inda burushinta ya tsaya. Garin neman gira na rasa ido. Na lalubo tsohon takunkumin zamanin korona na riƙa zuwa makaranta da shi, ina cewa mura nake yi.

Maigidana mutum ne marar yawan magana. Da na faɗa masa gaskiya ya yi shiru har na fara fatan ya yi faɗa in huta. Can ya kira yayarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo ta ɗaga haɓata ta juya fuskar dama da hagu, ta ce kada in sake sa komai sai ruwa da basilin, kuma wannan ba aikin kemis ba ne, likitan fata za a gani. A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace a hannun mutane. Kwana biyu Malam ya yi yana bin layin banki da masu POS kafin ya haɗa mana kuɗin mota. Muka bi ta Argungu muka shiga Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina rungume da leda cike da duk wani abu da na taɓa shafawa, kamar yadda Yaya ta umarta.

Likitar ta fi daɗewa a kan ledar nan da tambayoyi fiye da kan fuskata. Ta ɗauko ɗan bututun da nake matsawa cikin haɗin ta nuna mini rubutun jikinsa: klobetasol. Ta ce siteroyid ne, cikin mafi ƙarfin waɗanda ake shafawa, ana ba da shi ne ga wasu cututtukan fata masu tsanani na 'yan makonni, kuma ba a fuska ba. Ni kuwa na shekara da shekaru ina shafa shi kamar man kaɗe. Shi ne ya sa fatar ta yi siriri har jijiya ke bayyana, shi ya kawo gashin da nankarwar, shi ne kuma ke feso da ƙurajen nan in na daina, domin fatar ta riga ta saba da shi. Ta buɗe robar marar suna ta shinshina, ta ce sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar da abin da ke ciki, amma irin waɗannan haɗe-haɗen ba sa wuce siteroyid da haidrokinon mai dusar da launin fata, wani lokaci har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ta sa aka auna mini hawan jini da sukari, don siteroyid na iya ratsa fata ya shiga jini. Alhamdu lillahi suka fito lafiya.

Daga nan ta ba ni madubi, ta ɗauki biro tana nuna mini fuskata wuri-wuri. Ni duk baƙi ɗaya nake gani, ita kuwa abu huɗu ta lissafa. Ga ɓarnar siteroyid. Ga wancan shimfiɗaɗɗen baƙin na kumatu, sunansa melasma, wanda ciki da ƙwayar tazarar haihuwa da rana ke tayarwa. Ga tabon ƙunar da na sayo da kuɗina. Ga kuma 'yan ramuka irin na zanzana a kumatu, waɗanda ƙurajen ƙuruciya da matsar da na riƙa yi musu suka bari. Ta ce kowanne da hanyarsa, kuma maganin wani yana iya zama gubar wani.

Ni da ban daddara ba, sai na ciro waya na nuna mata hoton takardar shagon nan, na ce, "To likita, cikin waɗannan wanne ya dace in yi yanzu?" Ta ce, "Malama, yanzu dai ko ɗaya." Amma ba ta kore ni da wannan ba, ta karɓi wayar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan mintocin su ne karatu mafi amfani da na yi tun bayan da na bar kwalejin horon malamai.

Ta fara da abin da ya kamata in sani kafin in taka ƙofar shagon. Akwai ƙwayoyin da ke yi wa fata launi, kuma a baƙar fata ba sa raina taɓi. Ƙuna, gurza, ƙurji, ko cizon sauro da aka sosa, amsarsu ɗaya ce, su ƙara zubo baƙi a wurin. Ta ce wani likitan fata a Amurka mai suna Fitzpatrick ya kasa fatar mutane a 1975 gwargwadon yadda take amsa rana, kuma a ma'aunin da ake amfani da shi yau mai hawa shida, mu muna hawa na biyar da na shida. Asid ɗin da Baturiya za ta sha ta yi ja na kwana biyu ta warke, ni zai bar mini tabon wata shida. Sai a lokacin na tuna cewa hotunan bangon shagon nan babu baƙar mace ko ɗaya a ciki.

Surace da matsa, in ji ta, na mai maiƙon fuska ne da toshewar ƙofofin gashi, yana sa fuska ta yi fes na 'yan kwanaki, amma ba ya taɓa tabo, kuma zafin tururi ba abokin melasma ba ne. Gurzar na'ura saman fata kawai take kankarewa, tana gyara kaushi, ba ta kai ga rami, kuma ba a yin ta a kan ƙuraje masu rai ko fatar da ta yi siriri irin tawa. Filin kuwa, wanda na tsana kamar mutuwata, ta ce ba shi da laifi a karan kansa, iri-iri ne kuma hawa-hawa. Akwai salisilik, mai narkewa cikin maiƙo, shi ya sa ya dace da mai ƙuraje. Akwai gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne, mai saurin ratsa fata. Akwai masu zurfi da ba a cika kusantar baƙar fata da su ba. A kan yi marar ƙarfi ne, na 'yan mintoci, sau da yawa da tazarar makonni, bayan an shirya fatar tukuna. Ni an gurje mini fatar da siteroyid ya riga ya cinye, sannan aka zuba mata asid.

Allurai na ramuka ne. Ana tsattsaga fatar da ƙananan tsini don jiki ya ɗauka rauni ne ya saƙa sabon nama ya cike ramin. Nan ta ja kunnena a kan tsafta, ta ce abu ne mai fitar da jini, kan allurar na mutum ɗaya ne a yar, in ba haka ba ciwon hanta da ƙanjamau na iya bi ta nan. Daga baya na ji labarin wani shago a jihar New Mexico ta Amurka da aka rufe a 2018, inda mata suka kamu da ƙanjamau ta irin wannan gyaran fuska na allurai da jini. A Amurka fa. Lesa kuma haske ne mai farautar launi, to a fatar da ko'ina launi ne, in na'urar ba irin tamu ba ce ko mai riƙe da ita bai ƙware ba, ƙuna ce kawai. Ta ce akwai irin da ya fi aminci ga baƙar fata, amma melasma ta shahara da dawowa bayan lesa, wani lokaci fiye da yadda take.

Abin da na koma gida da shi ba shi da wani armashi. An janye ni daga siteroyid a hankali, aka ba ni doksisaikilin na wasu makonni saboda ƙurajen, da sharaɗin in sha da ruwa mai yawa kuma kada in kwanta nan take. Sabulu marar ƙamshi, man da ke riƙe danshi, sai man kariya daga rana mai lamba 50. Aka canza mini hanyar tazarar haihuwa. Watanni biyun farko sun fi ƙunar shagon wuya, domin sun faɗo cikin azumi da tsakiyar bazara, fuska ta yi ta fesowa tana ƙaiƙayi, launina na asali yana dawowa dabbare-dabbare. Sau biyu ina ɗauko waya in kira Jega a aiko mini da roba. Abin da ya hana ni, Malam ya riga ya gaya wa Inna komai, kuma babu saƙon da zai fito daga gidanmu ba ta sani ba.

Man kariyar rana ya zo da tasa rigimar. Alwala tana wanke shi, don haka kullum yana cikin jakata, in na idar da azahar in sake shafawa. Na sayi laima, abokan aiki suna tsokanata wai sarauta aka ba ni. Hijabi yana rufe wuya da kunne, amma kumatu da goshi, inda melasma ke zama, su ne a waje. Girkin gawayi ma na rage tsugunawa a kansa. A shekarar ne hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, aka yi ta maimaita ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Da, in na ji irin wannan, wasu mata nake hangowa, masu fuska fara da gaɓoɓin yatsu baƙi. Ban taɓa sa kaina a lissafin ba, tunda ni haɗin amare nake shafawa.

Sai da fatar ta yi ƙwari, wajen wata takwas, aka fara mini tiretinoyin da dare da man azelayik, sannan likitar da kanta ta ce yanzu filin zai amfane ni, ta tura ni wurin wanda ta yarda da hannunsa. Da na ji kalmar sai da cikina ya juya. Wannan karon an fara gwadawa a bayan kunnena aka jira mako guda. Salisilik ne marar ƙarfi, ɗan tsikari na mintoci kaɗan, fatar ta yi 'yar furfura kamar ta hunturu, shi ke nan. Sau huɗu aka yi. Tabon ƙunar ya dushe har layin muƙamuƙin ya ɓace, sai ni da na san wurin.

Ramukan ne na so a yi wa allurai, har na fara tara kuɗi. Likitar ta tambaye ni ko na taɓa yin rauni ya warke da tudu. Na ɗaga hijabi na nuna mata kunnena na hagu, inda huji na biyu da na yi ina budurwa ya bar mini wani ƙullutu kamar gujiya. Ta taɓa shi ta ce kiloyid ne, kuma mai irin wannan jikin ba ta ba shi shawarar a yi masa ɗaruruwan huji a fuska. Ta ce zaɓi nawa ne. Na kwana biyu ina juya maganar, na tuna yadda na zaɓa a karon farko, na bar ramukana inda suke. Kuɗin na sayi keken ɗinki.

A 2024 na sami ciki na uku. Ranar da na tabbatar na ajiye tiretinoyin, don ba a amfani da shi da ciki, aka bar ni da azelayik da man rana. Melasma ta dawo abinta, ba kamar da ba, amma ta dawo, kuma an riga an gaya mini ita ba a rabuwa da ita, lallaɓa ta ake yi.

Watannin baya aka sa ranar ƙanwata, autarmu. Na je Jega na tarar mai gyaran jiki ta fara zuwa, wata ce daban, yarinya ma, amma ga 'yar roba marar suna a kan madubi. Na zaunar da auta na cire hijabi, na nuna mata nankarwar damtsena, na ba ta labarin nan tun daga farko kamar yadda na ba ku. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yaya, ni na sati biyu kawai zan shafa." Na ce ni ma haka na ce. Da zan tafi na jefa robar cikin jakata, Inna tana gani ta kau da kai. Auta ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga wayata. Robar tana nan saman durowata a Birnin Kebbi, ban buɗe ta ba. Ranar kamu na ga amarya ta fito fuska ta washe, dangin ango suna ta cewa ta sha gyara.